ZARE: Kafin ka miƙa wa wakilin AI makulli, nemo shafin da ya ce yadda za ka karɓe shi

1/
Abokina yana haɗa wata 'yar manhaja don masu sayar da kaya a intanet. Wakilin AI zai riƙa karanta imel ɗinsu, ya tsamo oda, ya saka ranar kai kaya a kalanda, ya tura rasit. Sai ya turo min linkin wani kayan tantancewa da zai ɗora aikin a kai, ya ce, "Malam, duba min takardun jagorarsu, in sun yi gobe zan fara." Goben nan ta zama dare uku. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo 🧵

2/
Ba zan kama sunan kamfanin ba, kar ma a biyo ni ta DM. Abin da na gani a wurinsu na sha ganinsa a wasu wuraren, kuma ba faɗa na zo yi ba. So nake in nuna muku inda nake fara dubawa, don ku ma ku iya auna naku.

3/
Shafinsu na farko kam ya yi. Launi mai kyau, kod a jere, kwafa ka liƙa, kafin shayinka ya huce allo ya nuna maka an shiga. A nan abokina ya tsaya ya ce sun iya aiki. Ni kuwa a wurina wannan shafin talla ne. Kowa yana share ƙofar gida ranar da baƙi za su zo. Ingancin takardun kayan tsaro yana can ciki, a shafin da zai gaya maka abin yi ranar da makulli ya faɗa hannun da bai kamata ba.

4/
Ga waɗanda ba 'yan kodin ba, bari in ɗan share fage. Wakilin AI ya wuce wanda kuke hira da shi ya ba ku amsa. Shi wannan aiki yake yi da kansa: ya buɗe imel, ya tura saƙo, ya goge fayil, ya biya kuɗi in an ba shi dama. Ɗan aike ne. Ga sauri, ba ya gajiya, ba ya cin canji 😅 Amma yana da hali ɗaya: duk wanda ya tare shi a hanya ya yi masa magana da muryar maigida, yana iya bi.

5/
To hanya biyu ake aiken ɗan aike. Ko ka miƙa masa katin ATM da lambar sirri ka ce je wurin mai POS ka ciro dubu biyar, kana fatan ba zai ƙara sifili ba. Ko kuma ka kira mai shago ka ce, "Yaron nan zai zo, ba shi shinkafa kwano biyu, yau kaɗai, a rubuta da sunana."

6/
Ta farko ita ce ka ba manhaja kalmar sirrinka ko babban makullin API. Ta biyu ita ce abin da OAuth ya zo yi. Tsarin OAuth 2.0 ya fito a 2012 cikin takardar RFC 6749, kuma shi ne a ƙarƙashin maɓallin nan na shiga da asusun Google da kuke dannawa kullum. Manhajar ba ta ganin kalmar sirrinka. Tokin ake ba ta, wato ɗan tikiti mai iyaka da wa'adi.

7/
Tokin galibi iri biyu ne. Akwai na shiga, mai gajeren rai, sau da yawa awa ɗaya. Akwai na sabuntawa, mai dogon rai, wanda ake kaiwa a karɓo sabon na shiga ba tare da an sake tada mai asusu ba. Aikin kayan da abokina yake so ke nan: ya ajiye wa wakili waɗannan tokin, ya sabunta su, ya miƙa masa in zai yi aiki. Wato ma'ajiyar makullan mutane ce. Ku riƙe wannan a rai.

8/
Ni duk takardun irin wannan kaya, akwatin bincike nake fara zuwa in rubuta kalmar soke izini da Turanci. Me ya fito? Layi ɗaya tak, can ƙasan jerin umarnin API: kira wannan adireshi, an soke. Shi ke nan. Ko bayanin sisin kwabo babu.

9/
Tambayar da layin bai amsa ba: wane tokin aka soke? Na sabuntawa kaɗai, ko har da na shigar da ke hannun wakili yanzu-yanzu? Wannan ba neman magana ba ne. Ƙa'idar soke tokin, RFC 7009 ta 2013, soke na sabuntawa ta wajabta. Na shiga kuwa cewa ta yi ya kamata, ba ta ce dole ba. Don haka kamfani zai iya bin ƙa'ida sak, kuma tokin ɗin shiga ya ci gaba da numfashi.

10/
Dalili kuwa, da yawa daga tokin ɗin shiga irin JWT ne. Bayanansa da sa hannunsa duk suna jikinsa. Sabar da aka kai wa takan duba sa hannu, ta duba wa'adi, in sun yi daidai ta buɗe ƙofa. Ba ta waiwayar wanda ya bayar ta ce, har yanzu kana tare da wannan? Ka sallami ma'aikaci da safe, katinsa yana buɗe ƙofa har azahar.

11/
Akwai ma wata a ƙarƙashin wannan. In na danna soke a wurinsu, kwafinsu kawai suka goge daga ma'ajiyarsu, ko sun je har wurin Google sun ce a kashe tokin ɗin? Waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Jefar da makullinka a rijiya daban, canza kwaɗon ƙofa daban.

12/
Tunda takardun sun yi gum, sai na gwada da asusun kaina. Na kwafe tokin ɗin shiga na ajiye gefe, na danna soke, allo ya yi min kore ya ce an gama. Na ɗauko tokin ɗin da na ajiye na sake neman imel ɗina da shi. Jama'a, ga saƙonnina sun fito reras. Haka ya yi ta aiki sai da wa'adinsa ya cika don kansa. Na leƙa shafin tsaro na asusun Google ɗina, manhajar tana nan zaune cikin jerin masu izini.

13/
Wani zai ce awa ɗaya ce fa, mene ne a ciki? Ga mutum mai danna linzamin kwamfuta da hannu, ba wani abu ba ne. Ga na'ura mai aika buƙata bayan buƙata ba ta ko ƙiftawa, awa ɗaya ta isa a kwashe akwatin imel na shekaru. Lissafin da aka yi don mutane bai dace da wakili ba, kuma aikin takardun ne su faɗi haka ƙarara.

14/
Kar ku ɗauka tatsuniya nake. A watan Agustan 2025 an yi wata. A lokacin, Drift manhajar hira ce ta AI da kamfanoni ke sakawa a shafukansu, mallakar kamfanin Salesloft, kuma ana haɗa ta da Salesforce, inda kamfanoni ke ajiye bayanan kwastomominsu. Haɗin da me ake yi? Da tokin ɗin OAuth.

15/
Masu kutse suka sami waɗannan tokin. Ba su fasa kalmar sirrin kowa ba. Lambar tabbatarwa da ake turowa a waya ba ta tare su ba, don shi tokin ya riga ya wuce wannan shingen tun ranar da aka bayar da shi. A cewar masu binciken barazana na Google, daga wajen 8 zuwa 18 ga Agusta suna ta jidar bayanai daga Salesforce na kamfanoni masu yawa.

16/
Kuma ba sunaye da lambobin waya ne suka fi damunsu ba. Tace bayanan suka riƙa yi suna neman wasu makullan da mutane suka liƙa a cikin saƙonni, irin su makullan AWS da kalmomin sirri. Makulli ya haifi makulli. Ranar 20 ga Agusta aka soke duk tokin ɗin Drift gaba ɗaya. Cloudflare, ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa, ta fito ta ce ta tsinci tokin ɗinta na API guda 104 a cikin bayanan da aka kwasa, ta canza su duka.

17/
Yanzu saka kanka a kujerar wanda aka tasa da tsakar dare a irin wannan rana. Tambaya biyu ce a kansa: ta yaya zan soke DUKA a lokaci guda, kuma ta yaya zan san abin da aka riga aka taɓa? Ba a fafe gora ranar tafiya. In amsar ba ta cikin takardu tun kafin ranar, to za ka neme ta ne hannu yana rawa.

18/
A takardun da na duba, sokewa mutum ɗaya-ɗaya ce. In kana da kwastoma ɗari uku, sai ka zauna ka rubuta kod ɗin da zai bi su bi da bi, a daren da gida ke cin wuta. Babu shafi ko ɗaya mai taken "idan an sace makullan ma'ajiyarmu" ko "idan makullinka na manhaja ya fita." Kamfanin da sana'arsa ajiye makullai ce fa.

19/
Na bar wannan, na koma kod ɗin misali na shafin farko, wanda ya burge abokina. Izinin da yake nema a Gmail shi ne mail.google.com. Wannan shi ne gaba ɗaya: karantawa, rubutawa, turawa, har da goge saƙo gogewar da ba dawowa. Alhali Google yana da ƙanana: gmail.readonly na karantawa kaɗai, gmail.send na turawa kaɗai. Aikin abokina waɗannan biyun sun ishe shi.

20/
Na san dalilin da ya sa masu rubuta takardu ke yin haka. Babban izini ba ya kawo saƙon kuskure, misali yana tafiya sumul, sabon mai gwadawa ya ji daɗi ya yi rajista. A ƙasa sai su saka ɗan rubutu siriri cewa a rage izini kafin a fitar da manhaja ga jama'a. Ku faɗi gaskiya, sau nawa kuka koma kuka rage? Ni dai na san kaina 🙈

21/
Kuma ga abin da ya canza a 'yan shekarun nan: ba mutane kaɗai ke karanta takardu ba. Yawancinmu yanzu linkin muke jefa wa mataimakin kodin na AI mu ce haɗa min wannan. Har tsari aka kawo don haka, fayil ɗin llms.txt da Jeremy Howard ya gabatar a Satumban 2024, don shafuka su jera wa AI takardunsu cikin sauƙi.

22/
To shi mataimakin nan abin da ya fi riƙewa shi ne misali. Abin da ya gani a kod shi zai maimaita, siririn gargaɗin nan na ƙasa kuwa sai an yi sa'a. Misali ɗaya mai faffaɗan izini zai haihu a manhajoji barkatai, waɗanda masu su ba su taɓa buɗe shafin da idonsu ba. Shi ya sa nake cewa kod ɗin misali shi ne ainihin takardar. Sauran ado ne.

23/
Me faffaɗan izini ke jawowa in an haɗa shi da halin ɗan aiken nan na bin duk wanda ya yi masa magana? A Mayun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna shi a aikace da wakilin da aka haɗa da GitHub. Wani ya rubuta ƙorafi a buɗaɗɗiyar ma'ajiyar kod ta mutum, ya cusa umarni a ciki. Mai ma'ajiya ya ce wa wakilinsa duba min ƙorafe-ƙorafen da suka shigo.

24/
Wakili ya karanta, ya ɗauki cusen a matsayin aiki, ya shiga ma'ajiyoyin sirri na maigidansa, ya ɗebo bayanai, ya baje su a fili. Ba a fasa komai ba. Tokin ɗin da aka ba shi ne yake buɗe ko'ina. Alhali tun Oktoban 2022 GitHub ya kawo tokin da za ka ce wannan ma'ajiyar kaɗai, karantawa kaɗai. Hanyar tana nan. Abin tambaya, wacce takardu suka fara nuna maka?

25/
Ku lura, manhajar abokina imel take karantawa. Imel kuwa kowa a duniya zai iya turo maka. Wato duk wanda ya san adireshin kwastoma yana da hanyar yi wa wakilin magana kai tsaye. Na nemi ko da sakin layi ɗaya a kan wannan a takardun. Babu.

26/
Sai maganar suna. In wakili ya tura saƙo, da sunan wa ya tura? Akwai bambanci tsakanin wakilci da sojan gona, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba, RFC 8693 ta 2020 ta rarrabe su. A sojan gona, wakili ya zama kai, babu mai iya bambancewa. A wakilci, tokin yana ɗauke da suna biyu: wanda ake yi dominsa da wanda ke yi. Har gurbi aka ware masa a cikin tokin, mai suna act.

27/
Amfaninsa sai ranar rigima. Hajiya mai sayar da atamfa ta kira ta ce an tura wa kwastomarta farashin da ba ita ta saka ba. Ka buɗe kundin ayyuka, ya nuna maka Hajiya ce ta tura. Ita tana rantsuwa ba ta taɓa wayar ba. Duk ku biyun gaskiyarku, kundin ne bai san akwai mutum na uku a ɗakin ba.

28/
Takardu masu kyau za su nuna maka layi ɗaya na kundin, na gaske, su ce ga sunan mai asusu, ga sunan wakili, ga izinin da ya yi amfani da shi, ga lokaci, kuma kwana kaza muke ajiyewa. Waɗanda na duba cewa suka yi suna da cikakken kundin bin diddigi. Cikakke da me? Oho.

29/
Wannan matsala ta girmi yawancin masu karanta zaren nan. Tun 1988 Norm Hardy ya rubuta a kan ruɗaɗɗen wakili: manhaja mai babban izini da wani mara izini ya yaudara ta yi masa aiki da nata ikon. A labarinsa, sunan fayil ɗin lissafin kuɗi kawai aka ba manhajar a matsayin wurin zuba sakamako, ta rubuta a kai ta lalata shi. AI bai kawo cutar ba, ya dai ƙara mata ƙafafu.

30/
Wani ƙaramin abu da nake dubawa cikin daƙiƙa goma: kwanan wata. Sun rubuta da manyan baƙi cewa suna aiki da MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Madalla. Wane MCP ɗin?

31/
Don sashen izini ya shiga ƙa'idar ne a bugun 26 ga Maris 2025, kuma bugun 18 ga Yuni 2025 ya sake masa fasali. A nan aka raba aiki sarai: sabar MCP mai tsaron kaya ce, mai bayar da tokin daban. Kuma ƙa'idar ta hana saba ta karɓi tokin daga hannun manhaja ta wuce da shi gaba zuwa wata sabar kamar nata. Wata uku kacal tsakani. Takardar da ba ta faɗi bugun da take bi ba kamar maganin da aka kankare ranar lalacewarsa ne.

32/
Yanzu ƙarfe uku na dare. Kowa ya yi barci, wakili yana aiki, tokin ɗin sabuntawa ya mutu. Me zai faru? In mutum ne a gaban allo, zai ga an ce sake shiga, ya yi tsaki ya shiga. Wakili ba shi da wanda zai tambaya. Ko dai ya yi ta sake gwadawa yana ƙona maka kuɗin kira, ko ya yi shiru, oda ta yi ta taruwa ba wanda ya sani sai kwastoma ta fara zagi a WhatsApp.

33/
A nan zan yaba wa takardun Google, don sun jera dalilan mutuwar tokin ɗin sabuntawa wuri guda. Mai asusu ya janye izini. An yi wata shida ba a yi amfani da shi ba. Mai asusu ya canza kalmar sirri alhali tokin ɗin yana da izinin Gmail. An wuce tokin 100 ga asusu ɗaya a manhaja ɗaya, sai mafi tsufa ya mutu ba sallama.

34/
Da wadda ta fi cin sababbin shiga: in manhajarka tana matakin gwaji a wurin Google, mai neman izini irin na Gmail, tokin ɗin sabuntawa kwana 7 yake yi ya mutu. Sati ɗaya cif komai lafiya, ka yi ta nuna wa mutane, ranar ta takwas komai ya tsaya. Ka yi ta zargin kod ɗinka, ka zargi netwok, har ka zargi mutanen ƙauye.

35/
Kuma duk waɗannan saƙo ɗaya suke dawo maka da shi: invalid_grant. Ita kanta RFC 6749 ta tara dalilai da yawa a ƙarƙashin wannan kalma: tokin ba daidai ba ne, ko ya ƙare, ko an soke shi, ko adireshin dawowa bai dace ba, ko wata manhajar aka ba. A takardun da na duba, bayanin wannan kuskure shi ne "izinin ba ingantacce ba ne." Na gode fa. Ai Turancin na iya karantawa da kaina.

36/
Abin da nake so in gani: in ka ga wannan, kar ka sake gwadawa, tsayar da wakili, ga yadda za ka sanar da mai asusu ya sake ba da izini, ga inda aikin da ya tsaya zai jira. Wane kuskure ne na a sake gwadawa, wanne ne na a tada mutum daga barci. Wannan rarrabewar ita ce rabin aikin wanda ke gina wakili.

37/
Suna da wani sashe da na so sosai a farko, na neman amincewar mutum kafin babban aiki. Wakili zai tsaya, waya ta yi ƙara, ka danna na yarda, sannan ya ci gaba. Akwai ƙa'ida ta wannan, CIBA, daga gidauniyar OpenID. Tunani ne mai kyau ƙwarai. Amma in ban danna ba fa? Wayata ba caji, ko ina hanyar Zariya ba sabis. Minti nawa zai jira? In lokaci ya ƙare, ƙi ne ko yarda? Ba su ce ba.

38/
Abin da ya fi ba ni haushi a sashen: sun ba da shawarar a rubuta wa wakili a cikin umarninsa cewa ya nemi izini kafin ya goge abu. Haba. Wannan roƙo ne, ba tsaro ba. A Yulin 2025 Jason Lemkin na SaaStr ya ba da labarin yadda wakilin Replit ya goge masa rumbun bayanai na ainihi, bayan ya gaya masa kar ya taɓa komai. Gyaran da shugaban Replit, Amjad Masad, ya sanar ya haɗa da raba rumbun gwaji da na ainihi. Wato a hana hannu kaiwa, maimakon a yi ta jan kunne.

39/
Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu a nan gida. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanai, a sanar da hukumar cikin awa 72 da sanin abin. Abokina bayanan mutane zai riƙa taɓawa. Yana buƙatar sanin ƙasar da ake ajiye tokin ɗin, ko a kulle suke, wa ke riƙe da makullin kullewar, da kuma cikin awa nawa kamfanin zai gaya masa in an shiga musu. In su suka yi jinkiri, shi zai sha tambaya.

40/
Na san abin da wasunku za su ce, don wani ya riga ya faɗa min: ƙaramin kamfani ne, ba za su iya rubuta komai ba, kuma mai kodin na gaske ya kamata ya san OAuth da kansa. Rabin maganar gaskiya ce. Rubuta takardu aiki ne mai cin rai, ba a tafa wa mai yinsa, kuma takarda mai shafi dubu ita ma ba mai karantawa.

41/
Amma ku duba tallarsu. Cewa suke ba sai ka san OAuth ba, mu za mu ɗauke maka. To in ka ce min in sauke kayan in ba ka, ba za ka dawo ka ce ai da ka san nauyinsu ba. Wanda ya ɓoye maka wahalar abu, ya ci bashin gaya maka inda wahalar za ta ɓullo. Kuma duk abin da na lissafa ba zai wuce shafi uku ko huɗu ba.

42/
Don adalci: kod ɗinsu yana tafiya yadda aka rubuta, wanda ba kowa ke iya wannan ba. Zanen da ya nuna yadda tokin ke yawo tsakanin manhaja da saba ya fito fes. Kuma da na shiga zaurensu na Discord, na tarar wani ma'aikacinsu ya amsa tambayar sokewar nan dalla-dalla tun watanni da suka wuce. Wato sun san amsar. Tana kwance a cikin hira, inda sai mai haƙurin tono zai gan ta, ba ta cikin takardu.

43/
Af, da bidiyo. Bayani mai muhimmanci a saka shi cikin bidiyon minti arba'in, ba rubutu. Ba a iya bincika kalma a ciki, ba a iya kwafa, ga cin data. Ku ji tausayinmu.

44/
Abin da muka yi da abokina a ƙarshe: mun cire babban izinin Gmail muka saka na karantawa da na turawa. Mun rubuta namu kod ɗin da in an danna soke zai je har wurin Google ya kashe tokin, muka gwada da agogo a hannu har sai da muka ga ƙofa ta rufe. Mun sa wakili ya tsaya cak ya turo saƙo in ya ga invalid_grant, ba sake gwadawa.

45/
Sannan ya tura wa kamfanin tambaya uku a rubuce: yadda ake soke duka lokaci guda, inda suke ajiye tokin, da abin da ke faruwa in mutum bai amsa neman amincewa ba. Sun amsa ta farko washegari, sun ce za su saka a takardu. Sauran biyun muna jira. Kafin su zo, akwatin imel ɗaya ne kawai a haɗe da wakilin, na abokina da kansa. Hajiya mai atamfa ta kira sau biyu tana tambayar yaushe za a saka nata, ya ce mata ta ƙara haƙuri zuwa wani satin.